Waiwaye: Tsutsar da Ke Cin Doya a Ɓoye, daga Gubar Turare zuwa Tunkuzar Darbejiya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen doya a Paraku ta Jamhuriyar Benin cikin watan Disamba, ya jibge ta yana jiran tsada, ya san wannan ciwo. Doya ta shiga ɗaki da nauyinta, fatarta lafiya lau in ban da ɗan tsagu nan da can wanda ido bai damu da shi ba. Maris na kamawa sai a ɗaga ta a ji ta sakayau. Fata ta tsattsage tana ɓamɓarewa da kanta. In aka sa farce aka kankare, maimakon fari sai a tarar da rawaya, gaba kaɗan ruwan ƙasa, wani wurin ma baƙi ƙirin, kuma a bushe. Ba irin ruɓewar nan mai ruwa da wari ba ce. Uwargidan da ta saya don sakwara ta yi ta fera tana zubarwa, kafin ta kai ga farin nama doya ta koma 'yar mitsitsiya.

Dillali zai ce zafi ne. Manomi zai ce takin zamani ne ya ɓata ta. Dattijo kuma ya ce ƙasa ce ta gaji. Kowannensu ya taɓo wani gefe na gaskiya, amma mai ɓarnar na cikin doyar tun tana gona. Wata tsutsa ce siririya da ake kira nematod, tsawonta kamar milimita ɗaya ne, ba a ganinta sai da madubin ƙara girma. Wadda ta fi addabar doya masana na kiranta Scutellonema bradys, an fara bayyana ta a 1933 daga doyar ƙasar Jamaika. Tana zama ne ƙarƙashin fata, tana ci tana haihuwa, kuma ba ta dainawa don an haƙe doya an kai rumbu. A rumbun ma ta fi samun sukuni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsagun da ta bari su ne ƙofar fumfuna da sauran ƙwayoyin cuta, su kuma su ƙarasa abin da ya rage.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Paraku da Jugu ba baƙin garuruwa ba ne ga Bahaushe. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano kan bi ta Nikki, ya sauka Paraku, ya wuce Jugu a kan hanyar Salaga ta ƙasar Gwanja don ɗauko goro, kuma zangunan da suka kafa suna nan da jikokinsu, cuɗe da Dandawa da Bargawa da Fulani. Tun da jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Paraku a 1936 garin ya zama mararrabar kaya. Shekara da shekaru motocin da ke tashi zuwa Malanbil, su tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya da Doso da Yamai, da yawansu doya suke ɗauke da ita. Jamhuriyar Benin na noma kimanin tan miliyan uku a shekara, ita ce ta huɗu a duniya bayan Najeriya da Gana da Kwaddibuwa, kuma jihohin Borgu da Donga na cikin manyan rumbunanta. Manomin Caworu ko Basila shi ke haƙa, amma sau da yawa a hannun ɗan zango doyar ke lalacewa.

Iyaye da kakanni ba su san sunan tsutsar ba, amma tsarin nomansu ya tsare su daga gare ta. Doya ita ce amfanin farko a sabon sassabe. A share daji, a ƙona, a tada tsibi, a shuka. Bayan ta sai dawa ko masara su biyo, daga nan a bar gonar saura shekaru masu yawa har daji ya rufe ta. Tsutsar doya ba ta jure dogon zama a ƙasar da babu abincinta, don haka hutun gona kaɗai ya isa ya rage ta ƙwarai. Manomi kuma in ya yanka iri yakan turbuɗa shi cikin toka kafin ya binne. Bafulatani ya zo da rani ya kafa ruga a gona, shanu su kwana su bar taki. Ba camfi a cikin ko ɗaya. Tun shekarun 1970 masu bincike a Ibadan suka gwada cuɗa kashin shanu cikin tsibin doya da shafa wa iri toka, suka ga tsutsar na raguwa, amfani na ƙaruwa.

Abin da ya rushe wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar 1992 mutanen Paraku sun ɗan haura dubu 100, a ta 2013 sun haura dubu 255. Gundumar Jugu ta wuce dubu 267 a wannan ƙidaya. Auduga ta ci fili, gonakin kaju suka ci wani, abin da ya rage na daji gwamnati ta shata shi gandu. Saurar da ake bari ta yi shekaru goma ko fiye ta koma ta biyu ko uku, wani wurin babu ita sam. A bakin rafuka da fadamun gari kuwa lambuna suka yawaita, ana shuka tumatir a bayan tumatir, kuɓewa a bayan gauta, rani da damina. Nan wata 'yar'uwar tsutsar ce ke mulki, wadda ake kira Meloidogyne, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Mace ɗaya na zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi irin tamu cikin mako uku zuwa huɗu jikoki sun fito. Mai lambu ya ga tumatirinsa na yaushi da rana tsaka alhali ya ba shi ruwa, ya ƙara taki, ya ƙara feshi a ganye, ciwon kuwa na ƙasa. Ga wanda bai saba ba, akwai bambanci da ƙullin alheri na saiwar wake da gyaɗa: wancan a gefe yake manne, ana murje shi ya faɗi, cikinsa ja-ja. Na tsutsa kuwa saiwar ce kanta ta kumbura.

Turawa da Amurkawa sun riga mu shiga wannan matsala, kuma hanyar da suka bi ita ce nake so mu waiwaya.

A 1943 wani masani mai suna Walter Carter, yana aiki a cibiyar binciken abarba ta tsibirin Hawai, ya gwada zuba wa ƙasa wani ruwa da ake kira D-D, ragowar masana'antar man fetur. Ruwan na shiga ƙasa ya zama tururi, ya ratsa ko'ina, ya kashe tsutsar. Abarba ta yi kyan da ba a taɓa gani ba. A lokacin ne manoma da yawa suka fara sanin yawan abin da tsutsar ke ci musu. Daga nan aka shiga zamanin turara ƙasa da guba. A 1955 wani maganin mai suna DBCP ya shigo kasuwa, ana sayar da shi da sunan Nemagon, ya mamaye gonakin ayaba. Sai a 1977 ma'aikatan wata masana'antar haɗa shi a garin Lathrop na jihar Kalifoniya suka lura, cikin hirarsu ta wurin aiki, cewa kusan babu wanda matarsa ke haihuwa. Aka auna su, aka tarar gubar ta kashe musu ƙwayar haihuwa. Amurka ta hana amfani da shi a 1979 in ban da gonakin abarbar Hawai, amma an ci gaba da zuba shi a wasu ƙasashe. Dubban ma'aikatan ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa sun yi shekaru suna shari'a, har ma'aikatan gona daga Kwaddibuwa sun kai tasu ƙarar kotunan Amurka.

Sarkin waɗannan magunguna shi ne metil buromaid. A lulluɓe gona da leda, a saki iskar a ƙarƙashi, ta kashe komai: tsutsa, fumfuna, irin ciyawa, har da ƙananan halittun da ke gyara ƙasa. Manoman tumatir na Maroko, masu furanni na Kenya, masu taba na Zimbabuwe da Malawi duk sun dogara da shi. Daga baya aka tabbatar yana cin rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. A 1992 aka sa shi cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yi wa iyaka, aka ba ƙasashe masu arziki wa'adin 2005, masu tasowa 2015. Shekaru wajen 70 ke nan daga murnar Hawai zuwa rufe babin, kuma tsutsar na nan inda aka same ta.

Ƙaramin manomin Borgu bai taɓa turara gonarsa ba, don kuɗin ya fi ƙarfinsa. Abin da ya iso gare shi ƙananan ƙwayoyin karbofuran ne, wanda aka fi sani da Furadan, ana ƙulla shi a leda ana sayarwa a kasuwa ba takarda ba bayani, mai lambu ya barbaɗa da hannu a gindin latas da za a ci ɗanye. Tarayyar Turai ta kawar da shi tun 2008, Amurka ta hana a sami ko burbushinsa a abinci a 2009, aka kuma sa shi a jerin yarjejeniyar Rotterdam ta magunguna masu haɗari a 2017. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin Kalifoniya kafin su san abin da guba ke yi. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, da aka dawo da maganin ƙwari endosulfan, aƙalla mutum 37 suka rasu a Borgu, wasu 36 suka kwanta rai a hannun Allah. Da yawa ba masu feshi ba ne. Abinci ne ya kashe su: masara da ganyen miya da feshin ya taɓa, da galan ɗin maganin da aka wanke aka zuba ruwan sha. Sai a 2008 Benin ta haramta shi. Endosulfan ba maganin tsutsar ƙasa ba ne, amma hanyar da ya bi ya shiga tukunya ita ce duk wata gubar auduga ke bi ta shiga lambu.

To in an bar guba, me ya rage? Amsar farko tana tsaye a bakin kowane titi daga Jugu har Maiduguri. Darbejiya, ko dogon yaro, ko bedi kamar yadda mutanen Nijar ke cewa, baƙuwa ce daga Indiya da aka shigo da ita Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, ta samu wurin zama har muka manta ba tamu ba ce. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai a wani yanki na Sudan ta bar darbejiya kore shar. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki, azadiraktin, wanda ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yanta. Ga tsutsar ƙasa kuwa abin da ya fi amfani shi ne tunkuzar, wato abin da ya rage bayan an matse mai. Aikinta ba ta fuska ɗaya ba ne. Sinadaranta masu ɗaci na rage ƙyanƙyasar ƙwai, suna raunana 'ya'yan tsutsa kafin su kai ga saiwa. In ta fara ruɓewa tana sakin iskar amoniya mai ƙona su. Tana ciyar da fumfunan ƙasa masu cin ƙwan tsutsar. Ga shi kuma ita kanta taki ce, har tana hana takin yuriya saurin zurarewa, abin da ya sa Indiya ta wajabta a 2015 a riƙa shafa wa duk yuriyar da take yi man darbejiya.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa su ce abin ƙarya ne. Tunkuza ba a barbaɗa ta kamar gishiri. Gwaje-gwaje da yawa sun yi aiki ne da tan ɗaya zuwa biyu a hekta, wani lokaci fiye, wato giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. A cuɗa ta da ƙasa, a ba da ruwa, a jira mako biyu zuwa uku kafin dashe, in ba haka ba zafinta ya ƙona dashen. 'Ya'yan da suka daɗe a rana ko suka yi fumfuna ƙarfinsu ya ragu. Masu bincike na Benin, ciki har da Antoine Affokpon na jami'ar Abome-Kalabi, sun gwada abubuwa daban-daban da ake samu daga 'ya'yan darbejiya a kan tsutsar lambu, suka nuna ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ga mai hekta biyar na doya, tara wannan tunkuza aiki ne ja. Ga mai lambu 'yan fangali a bakin kogin Okpara, ko mai rainon dashe, abu ne mai yiwuwa ƙwarai. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kowace damina 'ya'yan darbejiya ke zuba a titunan Paraku ana share su ana ƙonawa, alhali matan da ke matse man kaɗanya a Jugu da ƙauyukanta sun riga sun mallaki turmi da gwanintar da ake bukata.

Rogo ma yana da nasa makami. Ruwan da ke tsiyaya in ana matse rogo don yin gari yana ɗauke da sayanaid, gubar nan da ke kashe akuya in ta sha. A arewa maso gabashin Barazil manoma da masana sun daɗe suna sirka shi da ruwa daidai wa daida, su jiƙa fangali, su jira kamar mako uku sannan su shuka. A wurinmu kwarara yake yi a bayan gidajen suyar gari yana ɓata unguwa da wari. Ganyen kabeji da danginsa, in aka daddatsa aka binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa nan take, suna sakin wani tururi mai yaji ɗan'uwan wanda ke cikin gubar metam sodiyam. Masanan Ostareliya, irin su John Kirkegaard, su suka fito da wannan dabara fili a shekarun 1990. Kashin kaji da ya fara ruɓewa na yin aikin amoniya. Furen nan mai ruwan lemo da ake kira Tagetes, wanda muke shukawa don ado, saiwarsa na da sinadarin da masanan Holand suka gano a ƙarshen shekarun 1950 yana kashe tsutsar, amma sai an cika fangalin da shi ya yi wata biyu zuwa uku. Jera shi a gefen lambu ado ne kawai. Rana ma magani ce: a jiƙa fangalin raino, a rufe da farar leda mai nuna ciki mako huɗu zuwa shida a zafin Maris da Afrilu, dabarar da Jaacov Katan ya bayyana a 1976. A cikin ƙasar Benin kanta Affokpon da abokan aikinsa sun tono nau'o'in fumfunar Trichoderma, suka nuna a 2011 cewa wasunsu na rage ƙullin saiwa a gonakin kayan miya.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne: kuskuren zamanin turare ba a irin gubar kaɗai yake ba, yana cikin tunanin cewa akwai kwalba ɗaya da za ta raba manomi da duba gonarsa. In muka ɗauki wannan tunani muka zuba masa darbejiya, ba mu yi nisa ba. Abin da ya fito daga itace shi ma sinadari ne, yana da awo, yana da lokaci, wani ma yana kisa. Kuma ba ya share ƙasa tas yadda metil buromaid ke yi. Ragewa yake yi, har amfani ya samu ya riga tsutsar girma, shi ya sa dole a haɗa biyu ko uku, a kuma san wace tsutsa ake yaƙa. Misali, akwai ciyawar Crotalaria da ake yabo wajen rage mai ƙullin saiwa, amma binciken Biodun Claudius-Cole a Ibadan ya nuna tsutsar doya na yaɗuwa a wasu nau'o'inta kamar yadda take yi a wake. Wanda ya shuka wake tsakanin doya biyu yana zaton ya hutar da gona, ashe kiwon tsutsa ya yi. Masara da gyaɗa sun fi masa. Irin tumatir da kamfanoni ke cewa yana jure tsutsa ma juriyarsa na karyewa in zafin ƙasa ya haura digiri 28, kuma akwai wani nau'i, Meloidogyne enterolobii, da ya bazu a Afirka ta Yamma wanda bai san da wannan juriya ba sam. Don haka kwalaben da suka fara cika kasuwanninmu, da hoton ganye a jiki, ba awo ba sunan abin da ke ciki, ban ɗauke su a bakin komai ba.

Akwai darasi na biyu da Benin ta koya da kanta. A 1987 aka fara gwada wani irin karara marar ƙaiƙayi a jihar Mono ta kudu don ya farfaɗo da ƙasa. Manoma suka karɓe shi hannu bibbiyu, ba don dalilin da masana suka kawo shi ba, sai don yana danne tofa. Shirin Sasakawa Global 2000 ya yaɗa shi ga dubban manoma a shekarun 1990, yana kuma sayen irin a hannunsu. Da sayen ya ja baya, da yawa suka bari, don ba a cin 'ya'yan, ga shi yana riƙe gona kaka guda. Karara na cikin tsirran da ke rage tsutsar doya, amma manomi ba zai ba da gonarsa ga abin da ba ya sa masa komai a tukunya ko aljihu ba. Auduga marar guba da ƙungiyar OBEPAB ta fara yaɗawa tun 1996, da feshin 'ya'yan darbejiya, ta ɗore ne saboda akwai mai saye da farashi mai gwaɓi. Duk mai son tunkuza ta shiga lambunan Paraku sai ya fara da tambayar wa zai tara, wa zai matse, nawa buhu.

Mu koma ga doya, don ita ce ta fi ci mini rai. Hugues Baimey, wanda ya koyar a tsangayar aikin gona ta jami'ar Paraku da aka kafa a 2001, ya yi shekaru yana bin wannan tsutsa a gonakin Benin tare da Danny Coyne na cibiyar IITA. A 2006 suka fitar da binciken doyar da ake sayarwa a kasuwannin ƙasashen Afirka ta Yamma, suka nuna tsutsar na nan ko'ina cikin kayan da ke yawo. Muhimmin abin lura shi ne, ba a ƙasa ta fi tafiya ba, a cikin iri take tafiya. Manomi ya sayar da manyan doyar Laboko masu kyau don su ke da kuɗi, ya ware ƙanana da masu tsagu ya ce su ne iri. Ya je ya sha wahalar sabon sassabe, ya binne cutar da hannunsa a ƙasa mai tsabta. Ko da ya samu gubar turare kyauta ba ta yi masa komai ba, don maƙiyin a buhunsa ya zo.

Maganin wannan kuwa ruwan zafi ne. A tsoma irin doya a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55 na kamar minti 20 zuwa 40, gwargwadon girman irin, tsutsar da ke ƙarƙashin fata ta mutu, idon doya ya tsira. An san wannan shekaru da dama. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne tazarar da ke tsakanin magani da dafuwa 'yar kaɗan ce, hannu ba ya iya auna ta, sai da ma'aunin zafi. Dole a yi shi kan doya sukutum ba yankakkiya ba, kuma tun tana barci kafin ta fara tsiro. Manomi ɗaya a ƙauye, da garwa da murhun duwatsu uku, ba zai yi kasadar irinsa na shekara ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sabuwar dabara ma a Benin aka gwada ta. Daga 2015 zuwa 2018, a gundumomi uku, masanan jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka da takwarorinsu na Benin suka riƙa naɗe irin doya da wata takarda da aka yi da ɓawon kututturen ayaba da tsofaffin kwalaye, an ɗiga mata ɗan abamektin. Wannan sinadari daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ya fito, wadda Satoshi Omura ya samo a Japan, kuma ɗan'uwa ne ga Mectizan da ake raba wa mutanenmu don makantar kogi. Abin da aka sa a takardar bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na yadda ake zubawa a gona ba. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna amfani ya ƙaru, kuma doyar ta fi jure ajiya, tsagewa da ramewa sun ragu bayan wata uku da wata biyar. Maimakon a shayar da gona duka guba, an tsare ɗan wurin da iri yake a makonnin da ya fi rauni.

Wa zai kai waɗannan abubuwa ƙauye? An saba a ce gwamnati, ko cibiyar INRAB da tasharta ta Ina a arewa da Paraku, ko cibiyar Songhai da ke horar da matasa a gefen garin. Suna da rawar takawa. Amma ni 'yan kasuwar zango nake kallo, don asarar ajiya a kansu take faɗawa, su ke da jari, su ne kuma ke ba manoma bashi kafin kaka. Alhajin da ke ba manomi kuɗin tada tsibi yana da bakin da zai ce, "Baba, irin nan daga wace gona ya fito, kuma me aka shuka a wurin bara?" Yana iya kankare ƙwaya biyar cikin kowane tari kafin a yi ciniki, ya ƙara wa mai tsabta farashi a gaban kowa. Ƙungiyar masu doya ta kasuwa ɗaya na iya sayen duro biyu da ma'aunin zafi, ta tura yaro ɗaya jami'ar Paraku ko Ina ya koyi aikin, a girke shi inda ake cinikin iri daga Disamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya sayi iri a tsoma masa kafin ya ɗora a babur. Ita kuma tunkuza, in masu lambun bakin Okpara suka haɗu suka yi alkawarin sayen buhu kaza kowace kaka, matan da za su tsinto 'ya'yan darbejiya tun damina ba su da wuyar samu, man da suka matse kuma ga masu sabulu na jira.